Karnukan Katun na Farko da Abin da Ya Kai Su Bakin Teku

Wata malamar firamare ta aiko mini da tambaya. Ta ce ita da 'ya'yanta sun faɗa wa tsofaffin finafinan katun a YouTube, irin waɗanda babu launi, wasunsu ma babu magana, kuma ta lura cewa sau da yawa jarumin wani kare ne mai ƙiriniya, wanda ba a daɗewa sai a gan shi a bakin teku yana hana masu hutu sakat. Tana son ta san su wane ne waɗannan karnuka, me ya haɗa su da teku, me ya sa motsinsu yake da gaggawa da fizge-fizge, kuma ko ya dace yaran su ci gaba da kallo.

Malama, na gode da wannan tambaya, domin kin lura da abin da ɗalibai da yawa masu koyon zane mai motsi ba sa lura da shi sai an nuna musu. Karnukan da kika fi yiwuwar haɗuwa da su guda uku ne, biyu 'yan Birtaniya, ɗaya ɗan Amurka, kuma da siffarsu za ki iya rabe su.

Idan kika ga ɗan kwikwiyo fari, mai ƙiba, mai sakakkiyar fata a fuska, kunnensa ɗaya baƙi ɗaya fari, da 'yan ɗige-ɗigen baƙi a jiki da guntun wutsiya, to Bonzo ke nan. Wani mai zane Bature, George Studdy, wanda aka haifa a 1878 ya rasu a 1948, shi ya ƙirƙiro shi a shafukan wata mujallar mako-mako ta birnin Landan mai suna The Sketch. Ya daɗe yana zana karen ba shi da suna, sai a 1922 editan mujallar, Bruce Ingram, ya raɗa masa Bonzo. Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. Aka riƙa buga hotonsa a littattafan yara da faranti da kwalaben turare da 'yan tsana, kamfanin Valentine na garin Dundee ya riƙa buga katunan gaisuwa masu ɗauke da shi, har ya shiga sahun farko na fitilun talla masu walƙiya da aka kafa a dandalin Piccadilly na birnin Landan. A 1924 kamfanin New Era ya fara fitar da gajerun finafinansa a ƙarƙashin furodusa William Ward, aka yi guda 26 cikin abin da bai kai shekara biyu ba. Na farkonsu a kan satar nama ne, irin naman nan da Turawa ke niƙawa su cusa a hanji su jera shi kamar carbi, wanda suke kira sosej. Ki riƙe wannan nama a ranki, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Na biyu shi ne Jerry, wanda ake yi wa laƙabi da fitinanne. Shi ɗan birnin Kadif ne a yankin Wales, kuma wanda ya yi shi, Sid Griffiths, asalin sana'arsa haska fim a gidan silima. Aikin nan ya sa ya kalli finafinan Felix, baƙar kyanwar nan ta Amurka da ta fito a 1919, sau ba adadi, har ya ga shi ma zai iya. Tsakanin 1925 da 1927, da taimakon mai ɗaukar hoto Bert Bilby, ya yi finafinan Jerry kimanin 40, ana saka su a cikin fim ɗin labarai da nishaɗi na kamfanin Pathé da ake nunawa kafin babban fim. Alamar da za ki gane Jerry da ita ita ce sau da yawa za ki ga hannun mutum na gaske yana zana shi a kan takarda, daga nan karen ya farfaɗo ya shiga yi wa mai zanen nasa gardama. Wannan salo 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Max da Dave Fleischer, suka yi suna da shi, amma Griffiths ya iya shi ƙwarai, musamman idan aka dubi ƙarancin kayan aikin da yake da su.

Na ukun kowa ya san shi, wato Pluto na kamfanin Disney. Ya fara bayyana a 1930, ya samu sunansa na dindindin a 1931 a matsayin karen Mickey, ɓeran nan na Disney. A cikin su ukun, shi aka fi kaiwa bakin teku a fim: akwai The Beach Party na 1931, da Hawaiian Holiday na 1937, da Beach Picnic na 1939, da Pluto's Playmate na 1941. Shi kuwa Bonzo, yawon bakin tekunsa ya fi yawa a katunan gaisuwa, waɗanda masu hutu ke saya su aika wa dangi a gida.

To, me ya haɗa kare da teku? Dalili na farko yana wajen 'yan kallo. Ga wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maradi, teku wani abu ne mai nisa da sai an yi doguwar tafiya, amma a Birtaniya babu garin da ya fi kimanin mil 70 nesa da gaɓa. Da jirgin ƙasa ya game ƙasar a ƙarni na 19, sai zuwa bakin teku ya tashi daga abin masu kuɗi ya zama na talakawa. Dokar ranakun hutu ta 1871 ta ba ma'aikata 'yan kwanaki a shekara, masaƙun yankin Lancashire kuma suna da al'adar rufewa mako guda a lokacin zafi, gari ya kwashe kaf ya nufi garin Blackpool na bakin teku, inda aka buɗe wata doguwar hasumiya a 1894. Mutanen Landan su kuma su nufi Brighton ko Margate. Hutu mai albashi bai samu gindin zama a doka ba sai 1938, saboda haka a zamanin Bonzo da Jerry ma'aikaci tara kuɗin wannan mako yake yi duk shekara, kamar yadda magidanci a wajenmu yake tanadin hidimar sallah tun da nisa. Waɗannan ma'aikata su ne suka cika gidajen silima. Idan aka nuna musu yashi da kujerar zane mai naɗewa da jakin haya da yara ke hawa, ba sa buƙatar ko kalma ɗaya ta bayani, kuma fim marar magana ba abin da yake nema kamar wurin da ɗan kallo ya riga ya sani.

Akwai kuma wani abu game da bakin teku da ya dace da wasan barkwanci. Wuri ne da manyan mutane ke sauke girmansu. Attajiri ya tuɓe kwat ya naɗe ƙafar wando, uwargida mai ji da kanta ta kishingiɗa tana gyangyaɗi, ɗan sanda yana fama da yashi a takalmi, abinci kuma a shimfiɗe a ƙasa daidai hancin duk wani mai ƙafa huɗu. A irin wannan wuri kare yana iya yin abin da ɗan kallo ba shi da ikon yi, ya sure hular mai gida, ya watsa wa uwargida ruwa, ya tsere da abincin rana, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya tun da dabba ce. Matsayinsa ya yi kusa da na Gizo a tatsuniya, ƙaramin mai wayo da ke wasa da hankalin manya, ana yi masa dariya ana kuma jiran ranar da zai faɗa tarkon kansa.

Wannan kare ma ya riga silima zuwa gaɓa. Akwai wani tsohon wasan 'yan tsana a Ingila da ake kira Punch da Judy, wanda wani marubuci, Samuel Pepys, ya ambaci ganin irinsa a Landan tun 1662, kuma daga baya ya zama ba a raba shi da bakin teku. Mai wasan yakan kafa 'yar rumfa mai ratsin ja da fari a kan yashi, yara su zauna a gaba. A cikin 'yan wasan akwai kare mai suna Toby, wanda a da sau da yawa karen gaske ne da ake ɗaura wa ado a wuya, akwai kada, akwai kuma jerin sosej da ake ta ja-in-ja a kansa. Saboda haka lokacin da Bonzo ya sato nama a fim ɗinsa na farko, 'yan kallo sun ga abin da suka saba gani tun suna yara a kan yashi.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi jan hankalina, domin a nan sana'ar take, kuma shi ne tsadar zane. Fim ba motsi ba ne na gaske, hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. A fim mai sauti hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa guda. Ko da mai zane ya yi tsimi ya ɗauki kowane zane sau biyu, yana buƙatar zane 12 a daƙiƙa, wanda ke nufin fim na minti bakwai zai ci zane sama da 5,000, kowane da hannu. Winsor McCay, mai zanen Amurka da ya yi fim ɗin Gertie, wata ƙatuwar dabbar zamanin da, a 1914, zane kusan 10,000 aka yi a kan takarda, kuma a kowace takarda sai da mataimakinsa ya sake zana duwatsu da ruwan da ke bayan dabbar. A wannan shekara ce Earl Hurd ya yi rajistar dabarar da ta sauƙaƙa aikin, wato a zana abin da ke motsi a kan wata leda mai kauri da ake ganin abin da ke bayanta, a ɗora ta a kan zanen wuri guda ɗaya da ba ya canzawa. Amma ledar tana da tsada, har akan wanke ta a sake amfani da ita, kuma ƙananan masu sana'a sun daɗe suna neman hanyar rage aiki ta kowace fuska.

Yanzu ki kwatanta zanen titin birni da zanen bakin teku. Titi yana buƙatar gidaje da tagogi da motoci da jama'a. Bakin teku kuwa layi ɗaya ne a kwance, samansa sararin sama, ƙasansa ruwa, sai wani lanƙwasasshen layi da ya raba ruwa da yashi. A ƙara rana da ɗan jirgin ruwa can nesa, an gama. Farin fili ne da ke sa baƙin layin jikin kare ya fito sarai, kuma wannan yana da muhimmanci a fim marar launi da ake haskawa da fitila mai rauni. Raƙuman ruwa kuma maimaita kansu suke yi, don haka mai zane zai yi zane takwas ko goma sha biyu na igiyar ruwa tana zuwa tana komawa, ya yi ta ɗaukarsu a jere sau ashirin. Haka gudun kare: zane kaɗan ne ake juyawa, ana jan zanen yashi a bayansa. Idan kika zuba ido za ki ga dutse guda ko laima guda tana wucewa sau uku ko huɗu yayin da karen ke gudu. Na taɓa ba ɗalibaina aikin daƙiƙa goma, rabinsu kasuwa rabinsu bakin ruwa. Masu bakin ruwa sun gama cikin kwana uku har sun samu lokacin gyara tafiyar dabbarsu, masu kasuwa kuwa mako ya ƙare suna kan rumfuna da buhuna, ba su ma fara motsa komai ba.

Lokacin da aka rage daga zanen wuri shi ake zubawa a kan karen, kuma abokin wasansa na gaɓa da ya fi kowa shi ne kaguwa. Bari in warware miki yadda ƙwararre yake gina wannan wasa. Kare yana tafe hancinsa a ƙasa. Ya tsaya cak, kunne ɗaya ya miƙe. Ya ga idanu biyu sun leƙo daga yashi, sai ya ja da baya kaɗan, ya karkata kai, ya sake matsowa a hankali yana shinshina. Duk wannan yana iya cin daƙiƙa biyar ko shida, kuma a cikinsu babu abin da ya faru, amma ɗan kallo ya riga ya fara murmushi domin ya san abin da ke tafe. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi, kuma wannan karin magana ita ce ainihin ƙa'idar da masu zane ke koyarwa: kafin kowane babban motsi sai an nuna shirinsa. Cizon kansa, lokacin da kaguwa ta damƙe hanci, zane uku ko huɗu ne kawai, bai kai ƙiftawar ido ba. Sai kuma tsalle, jiki ya miƙe kamar roba, ya faɗo ya baje, ya koma daidai. Mai zanen da bai ƙware ba yakan gaggauta shinshinar ya tsawaita cizon, sai wasan ya mutu.

A nan ne bambancin Pluto da magabatansa yake, kuma a ganina shi ne babban abin da ya faru a tarihin waɗannan karnuka. Bonzo da Jerry mutane ne a rigar kare, suna tafiya da ƙafa biyu idan sun ga dama, suna ƙulla makirci, kuma idan ana son a nuna tunaninsu sai a rubuta shi ko a zana alamar tambaya a saman kai. Bonzo ma ya yi asara da ya shiga fim, domin a mujalla Studdy yana zana shi da launi da inuwa da kowace tattarar fata, a fim kuwa dole aka rage shi zuwa layin da za a iya maimaitawa sau dubbai. Pluto kuwa an bar shi a karensa, ba ya magana, ba ya sa tufafi, da ƙafa huɗu yake tafiya. Wani mai zane na Disney, Norman Ferguson, shi ya nuna abin da za a iya yi da irin wannan dabba a fim ɗin Playful Pluto na 1934, inda takardar nan mai danƙo ta kama ƙudaje ta manne wa Pluto. Kimanin minti guda yana fama da ita, ya cire daga ƙafa ta koma hanci, ya tsaya ya dube ta, ya yi shawara, ya gwada wata dabara, ya fusata. Masana tarihin wannan sana'a suna yawan kawo wannan wuri a matsayin inda aka fara ganin zane yana tunani a fili. Kamfanin ya ga darajarsa har ya sake zana shi da launi a Beach Picnic, wannan karon a kan yashi, bayan Donald, agwagwar nan ta Disney, ya gama tsokanar Pluto da wani dokin roba da ake hurawa. A Hawaiian Holiday kuma za ki ga Pluto yana bin wata halittar teku mai siffar tauraro, kansa ya maƙale a ƙwanson katantanwar teku, sannan ya yi karo da kaguwa. Ki lura da cewa a waɗannan finafinai ƙiriniyar ta sauya: son sanin abin da bai shafe shi ba ne yake jefa shi cikin wahala, ba mugun nufi ba, kuma shi ya sa yara suke tausaya masa suna dariya a lokaci guda.

Batun gaggawa da fizge-fizge, yawancinsa ba laifin masu zanen ba ne. A zamanin fim marar sauti da hannu ake juya kyamara, da hannu kuma ake juya na'urar haskawa a wurare da dama, kuma saurin yakan kama daga hoto 16 zuwa 20 da wani abu a daƙiƙa. Sai da sauti ya zo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsayar da 24. Fim ɗin da aka shirya don hoto 18, idan aka haska shi a 24, saurinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, kuma haka aka kwafi da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a intanet. Ƙari a kan haka, tsohon faifan fim da sinadarin naitiret aka yi shi, wanda ke kama wuta cikin sauƙi, yana kuma ruɓewa da kansa idan ya daɗe, ba a daina amfani da shi ba sai farkon shekarun 1950. Duk inda faifai ya tsinke, mai haskawa yanke wurin yake yi ya liƙa, hotuna biyu ko uku su tafi, kuma bayan shekaru ana haka sai motsi ya riƙa tsalle. Rawar da layi ke yi kuwa, wannan daga teburin zane take, idan takardu ba su zauna daidai a kan juna ba, abin da ya sa wani mai zane, Raoul Barré, ya kawo dabarar huda takardu a saka su a kan 'yan turaku. Shiru ma ba haka 'yan kallon farko suka gan su ba, domin akwai mai kaɗa piyano a gaban allo yana bin kowane tsalle da faɗuwa. Finafinan Jerry sun yi shekaru a ajiye a rumbun Pathé ba a tunawa da su, sai a farkon shekarun 2000 aka fito da su aka yi musu sabon kiɗa aka nuna a talabijin ɗin Wales.

Game da yaran, shawarata ita ce ki riga su kallo. Waɗannan finafinai ba don yara kaɗai aka yi su ba, manya ne akasarin masu sayen tikiti, kuma The Sketch mujallar manya ce. Za ki iya cin karo da shan taba da giya da shigar wanka. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu finafinan wancan zamani suke zana baƙar fata da sauran al'ummomi cikin wulaƙanci. Trader Mickey na 1932, wanda Pluto ke ciki, ya nuna 'yan Afirka a matsayin masu cin naman mutane, kuma ko a Beach Picnic an yi wa tururuwa shigar asalin mazauna Amurka don a yi dariya. Na farkon ban ga dalilin nuna wa ƙaramin yaro shi ba, manyan kuwa in sun gani a zauna a yi musu bayanin zamanin da ya haifar da shi. Za su kuma tambaye ki me ya sa kare yake lasar fuskar mai shi yana kwana a ɗaki, sai ki gaya musu cewa al'adar mutanen can ce, tamu daban take, kamar yadda suka riga suka sani a gida.

Idan kin tace waɗanda suka dace, akwai abu biyu da za su ƙara musu amfanin kallon. A YouTube akwai wurin rage saurin bidiyo. Idan kika ga fim marar sauti yana gudu fiye da kima, ki mayar da shi 0.75, domin kashi uku cikin huɗu na 24 shi ne 18, kuma za ki ga karen ya samu nauyi, shinshinarsa ta dawo da tsawonta. Sannan ki ba kowane yaro tsohon littafin rubutu da ya cika, ya zana layi ɗaya a kwance a kusurwar shafi ashirin a jere, ya sa kaguwa a gefe guda, ya riƙa matso da hancin kare kaɗan-kaɗan daga shafi zuwa shafi, shafi goma sha shida na matsowa, uku na cizo, ɗaya na tsalle, sannan ya kama kusurwar da babban yatsa ya saki shafukan su zubo.